Hatsin da Na Mayar wa Ladi

Azuba, Lafiya.

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, babu tuntuɓe babu ciwon kai. Allah ya tsare min ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Amin.

Na san sai kin yi dariya idan kika buɗe jaka kika ga ambulan a ƙarƙashin zannuwanki. Za ki ce Mama da waya a hannunta, me ya kai ta ga biro? To yi dariyarki. A waya ba kya bari in kai aya, ina fara magana kin ce "Mama, na gane." Ba ki gane ba, Suwaiba. Ni kuwa na tsufa da alli a hannu, na san fuskar ɗalibin da ya ce ya gane don a ƙyale shi.

Mako biyu da suka wuce ina tsintar shinkafa a tsakar gida, na ji ki kina waya da mutanen ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki. Kika ce idan kin isa ƙauyukan nan na bakin kogi za ki tantance masu cin gajiyar shirin, ki ware su daban. Na dakata da tsintar. Ba laifi kika faɗa ba, aikinki ne. Muryata ce na ji a bakinki, ta lokacin ina da ƙarfi ina ganin na fi kowa sanin yadda ake taimakon talaka. Kin sha tambayata me ya raba ni da Ladi, matar da ta goya ki har kika yi wayo. Nakan ce miki zaman duniya ne. Ƙarya nake yi miki. Ni na raba mu, da hannuna da bakina, kuma da sunan taimako na yi.

Ba lallai ki tuna tsohuwar unguwarmu ta bayan injinan casar shinkafa ba, kina ƙarama muka taso. Kai, unguwa ke nan! Tun da safe ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya cika ko'ina, matan ƙabilar Tibi suna kirɓa sakwara, matan Alago suna shanya agushi, mu muna daka. Da Salla kwanukanmu su shiga gidajensu, da Kirsimeti nasu su shigo namu, har a rasa murfin wa ke kan kwanon wa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Ladi, 'yar Eggon, matar wani lebura a injin casa. Ni ina tafiya makaranta koyarwa, ke kina bayanta. Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji, haka Hausarta take. Sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ka bar min yarinya ka tafi, za ka makara." Har yau idan na ji ƙamshin shinkafa a kan wuta, wannan muryar nake ji.

A unguwar akwai Iya Talatu, tsohuwa Bagwandariya mai sayar da daddawa. Ita ta koya mana abin da muke kira hannu ɗaya. Kowace mace tana da gwangwani a gefen murhu. Duk lokacin da za ta ɗora tukunya, kafin ta wanke hatsi sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a gwangwanin. Shinkafa ce, masara ce, wake ne, garin rogo ne, duk ɗaya. Ranar Asabar muke haɗuwa gindin mangwaron ƙofar gidanta, don Juma'a tamu ce, Lahadi tasu. Iya takan jera daro-daro ta lulluɓe su da tsohon zaninta, kowa ta cusa hannu ƙarƙashin zanin ta juye nata. Ba wadda ta san ko kin kawo cike da gwangwani, ko abin da bai rufe gindinsa ba. Matar ma'aikaci ta zuba, mai tallan ruwa ta zuba.

Rabon kuma Iya ce ke yi, da nata salon. Sai ta ɗauki ƙwarya ta shiga gidan da ta san tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba, ta ce, "Wance, ara min rariyarki, tawa ta ɓule." Ta ajiye ƙwaryar a bayan ƙofa kamar ta manta, ta fito da rariya. Rariyar Iya lafiyarta ƙalau. Ni a lokacin haushi abin ke ba ni. Ina cewa a raina wannan wane irin aiki ne, ba tsari, ba rubutu, ba a san wa ya ci wa ya sha ba.

Da ƙafa ta gagari Iya, mata suka ce Malama Hassana ce ta iya rubutu, ita za ta riƙe. Kaina ya kumbura. A shekarar ne kuma mijin Ladi ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, ya bar ta da 'ya'ya huɗu.

Abin da na fara yi shi ne na sayo babban littafi na tsaga shi biyu da jan biro: hagu masu bayarwa, dama masu karɓa. Zanin Iya na cire shi, na ce a riƙa gani. Sunan Ladi na rubuta shi a dama, na farko ma, don ina ƙaunarta. Ranar Asabar sai ga ta da gwangwaninta, ko wata biyu ba a yi da rasuwar ba. Na leƙa na ga ɗan garin rogo, abin da bai kai a jiƙa wa yaro ɗaya ba. Na riƙe mata hannu a gaban mata na ce, "Haba Ladi, ke da ake tara wa? Mayar da abinki gida ki ba yara." Wallahi tausayi ne ya sa ni. Ta dube ni ta ce, "Malama, ni ma ina dafa abinci a gidana." Na ce na sani, amma dai ki mayar. Ta sa gwangwanin a ƙarƙashin mayafinta ta koma can baya ta zauna. Tun daga ranar ba ta ƙara zama a gaba ba, ita da a da bakinta ya fi na kowa a gindin mangwaron nan.

Auta, inda za ki, za ki tarar da mutanen da ba su da komai a idonki. Za su kawo miki ƙwai biyu, ko busasshen kifi, ko su ce za su ɗebo yashi da ruwa a aikin da kuka zo yi. Zuciyarki za ta ce ai sun fi ki buƙata. Kada ki saurare ta. Ki karɓa, ki yi godiya, ki ci a gabansu. Ko wane aiki za ku yi, ki bar wa kowa ƙofar da zai sa nasa, komai ƙanƙantarsa. Ni na ɗauka garin rogo nake mayar wa Ladi, ashe wurin zamanta a cikinmu na karɓe.

Ban tsaya nan ba, ina! Hatsi ya ƙaru, don na iya bin gidajen masu hali da baki. Sai na ce wannan aiki bai kamata a yi ta ɓoye shi kamar sata ba. Muka yi anko, mu na hagun littafi. Muka kafa kanofi, muka ɗauko lasifika, muka gayyato wani babba daga ofis da mai hoto. Ni ce riƙe da abin magana ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya, unguwa kaf tana ji, har 'yan acaba suka tsaya kallo. Aka kawo Iya Talatu a kujera aka ajiye ta a inuwa. Ta yafuto ni ta ce, "Hassana, bikin wa ake yi?" Na ce, "Iya, rabon hatsi ne." Ta ce, "Au. Na ga kamar naki ne." Na yi dariya na wuce, na ce tsufa ne.

Kin tuna hoton nan da ya daɗe a falonmu, ni da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓa rufi, ina miƙa wa wata mata buhu? Kin taɓa tambayata me ya sa matar take kallon ƙasa. Ladi ce. Sai da mai hoto ya sa ta maimaita karɓar har sau uku don wai ba ta yi murmushi ba. Ni kuwa haƙorana duk a waje. Shekara da shekaru ina share wa hoton nan ƙura ina alfahari, ban taɓa duban fuskarta da kyau ba.

Na san a aikinku ana son hoto, waɗanda suka ba da kaya suna so su gani. Ban ce ki ƙi aikinki ba. Amma ki tambayi mutum tukuna, kuma ki tambaye shi a inda zai iya ce miki a'a, ba a cikin layi da buhu a gabansa ba. Ki ɗauki hoton rijiya, ki ɗauki hoton gona, ki ɗauki mace tana aikinta kanta a ɗage. Idan kika ga kanki a tsakiyar hoto kin fi kowa kyau, ki tuna da ɗankwalin uwarki.

Kuskurena na uku shi ne wanda har yanzu idan na tuna nakan ajiye cokali. Na karanta cewa ba mutum abinci kullum ba ya fid da shi daga talauci, sana'a ce ke fid da shi. Gaskiya ne kuwa. Sai na yanke, ni kaɗai a ɗakina, cewa zawarawan unguwa doya za su noma, tunda ƙasarmu ta doya ce. Muka samo irin doya mai kyau, aka kai wa kowacce nata har gida, da sharaɗin idan an haƙa za ta dawo da iri a ba wata. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Ladi ta kalli tulin doyar a tsakar gidanta ta buɗe baki za ta yi magana, na ce, "Kada ki gode min, ki gode wa Allah." Na fita ina jin daɗin kaina.

Da damina ta kankama na ce kowa ta zo ta faɗi yadda gonarta take. Aka zo kan Ladi. Wata ta ce ai an ga ɓawon doya a bolar gidanta. Na ce, "Ladi, iri kika dafa?" Ta ce, "Na dafa." Wayyo ni, bakina! Kin san shi, ke ma kin sha. Na ce wannan shi ne abin da ke hana talaka ci gaba, a ba shi gobe ya cinye ta yau. Na ce ta ci amanar zawarawan da ke jiran iri. Na ce daga yau a cire sunanta sai ta yi hankali. Duk a gaban mata, har da waɗanda ta girme su. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta gyara zaninta ta ce, "Malama, ka gama?" Na ce na gama. Ta tafi.

Da na koma gida ina ta huci, na ba babanku labari, Allah ya jiƙansa. Yana cin abinci bai ko ɗago ba ya ce, "Kin tambaye ta ko tana da gona?" Na ce wace irin tambaya ce wannan, ai mijinta yana da ita a hanyar ƙauye. Ya ce, "'Yan uwansa sun karɓe tun bayan makoki, kowa ya sani sai ke. Ko da tana nan, wa zai tada mata tulin ƙasar da ake dasa doya a kai? Aikin ƙarti ne. Ke kin taɓa ɗaga garmar doya?" Ban taɓa ba. Daga baya na ji sauran. Ta yi ta yawo neman aron fili ba ta samu ba, doyar ta fara tsiro tana ruɓewa a ɗaki, yara suna kallonta da yunwa. Abin da take so tun farko, wanda ta buɗe baki za ta faɗa na toshe, rabin duro ne na turara shinkafa. Ta iya aikin tun tana budurwa, ga injin casa a bayan gida. Da na yi shiru na minti ɗaya da na ji.

To ki ji, ke mai digiri. Ki tambaya kafin ki kawo. Bayan kin tambaya ki rufe bakinki ki jira, don wanda ya saba a yanke masa ba ya amsawa da wuri. Kada ki tambayi mai unguwa kawai, ki shiga madafi ki zauna a kan turmi ki tambayi matan. Idan kuma wani ya yi abin da ya yi miki kama da wauta, ki ce wa kanki akwai abin da ya sani wanda ban sani ba, ki je ki nemo shi. In faɗa ya zama dole, ki ja mutum gefe.

Kin ga katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko? Taku goma ne daga ƙofata zuwa tata. Ban yi takun nan ba. Kullum sai in ce gobe, sai in ce ai ni ce shugaba, idan na ba da haƙuri mata za su raina ni. Ke kina kuka kina miƙa hannu wajen katanga, ina ce miki Ladi ba ta nan. Kafin kaka ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen danginta a Arikya. Ƙungiyarmu ta hannu ɗaya ma ba ta yi nisa ba bayanta. Na dama suka daina zuwa don kunya, na hagu suka gaji da bayarwa tunda babu kanofi kullum. Iya ta rasu, aka sare mangwaron aka yi shago. Littafin yana nan a ƙasan akwatina, jan layin bai ko dushe ba.

Wayar nan taki ce ta tashe ni. Asabar ɗin da ta wuce, da na ce miki zan je gaisuwar rasuwa, ba ita na je ba. Keke na hau zuwa tasha, na shiga mota zuwa Arikya. Kuma ki ji halin uwarki da ba ya tsufa: rabin buhun shinkafa na saya na tafi da shi, wai tsaraba.

Ban sha wahalar neman gidan ba, kowa ya san Ladi mai shinkafa. Na tarar da ita tana baza shinkafa a rana, ga duro har biyu a kan wuta, gashinta fari fat. Matan garin ne suka haɗa mata duron farko, bayan sun tambaye ta me ta iya. Ta kare ido da hannu ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Malama, ka tsufa." Na ce ke ma. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na durƙusa a kan ɓuntun shinkafa na ce, "Ladi, na zalunce ki sau uku, na zo ki yafe min." Ta ce in tashi kada in ɓata zanina. Ta ce ta yafe tun tuni, a coci ta ajiye maganar, amma ta yi shekaru tana jira in leƙo ta katanga ban leƙo ba, wannan ya fi doyar ciwo. Na yi kuka, Auta, kukan da ban yi ba tun rasuwar babanku.

Muna cikin haka mata suka fara shigowa, kowacce da gwangwani a ƙarƙashin mayafi, masu ɗankwalin coci da masu hijabi. Na waiga na ga daro-daro a gindin bishiya, an lulluɓe da zani. Ashe abin da na kashe a Lafiya, ita ta tafi da shi ta raya. Ta ce, "Ka zo da gwangwaninka?" Na nuna mata rabin buhun da ɗan acaba ya sauke a ƙofa. Ta dube shi, ta dube ni, ta kwashe da dariya har tana dafa gwiwa. Ta ce, "Har yanzu, Malama? Ɗebi hannu ɗaya ka zuba. Sauran ka mayar gida ka ba yara." Maganata ce ta ranar nan, ba ta rage ko kalma ba. Na kwance bakin buhu na ɗebi hannu ɗaya, na bi layi a bayan wata mai tallan itace, na cusa hannuna ƙarƙashin zani. Sauran kuwa haka na dawo da shi Azuba, shi ne wanda kika tambaye ni wa ya kawo mana.

Ta tambaye ki. Na ce kin girma, kin yi karatu, za ki tafi aikin taimakon mutane. Ta ce, "Allah ya sa ya fi uwarsa kunne." Na ce amin, da gaske. Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli a tsumma da wani tsohon gwangwani duk ya lotse. Na gane shi. Ta ce a ba yarinyarta. Saura kaɗan in ce ta bar shi, ai kina da albashi. Na cije leɓena, na miƙa hannu biyu na karɓa.

Suna nan a kusurwar jakarki, cikin baƙar leda, kada ki ɗauka shara ce ki yar. Shinkafar ita ta turara ta da hannunta, ba ta fi ki ci sau biyu ba. Ki dafa ta ranar da kika fara hura wuta a sabon wurinki. Kafin ki wanke, ki ɗebi hannu ɗaya ki zuba a gwangwanin. Idan kin samu hutu, kafin ki iso wurina ki biya ta Arikya. Ta ce tana so ta ga ko bayanta zai gane ki.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki tafasa ruwan sha, ki kwana cikin gidan sauro, kada ki shiga kwalekwale idan ya cika, ko an ce miki shi ne na ƙarshe. Ki gaida manya da harshensu ko da za su yi miki dariya. Yayyenki suna gaishe ki, maƙwabta suna yi miki fatan alheri. Allah ya kiyaye gabanki da bayanki, ya raba ki da girman kai irin nawa, ya sa mutanen da za ki zauna da su su yi kewarki ranar da za ki bar su. Ya dawo min da ke lafiya ina da rai. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Ni ma na nemo gwangwani na ajiye a gefen murhu. Ranar Asabar zan koma Arikya.

Mahaifiyarki,
Hassana